Shekarar da Na Sha Maganin Mamanku

Talatu, Habila, Jummai, kun daɗe da sanin cewa ni da mamanku muna ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki, kuma kowannenmu na shan magani. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda aka yi na fara sha, da abin da hakan ya jawo wa mamanku. Shi zan rubuta a nan. Karatuna bai yi nisa ba, don haka ku yi haƙuri da rubutun, ku duba maganar.

Sai na fara da masaƙa, domin a can na koyi tunanin da ya ɓatar da ni. Fiye da shekara ashirin na yi ina gyaran injin saƙa a Kakuri. A lokacin kowane ma'aikaci yana da kati na ɗakin shan magani na kamfani, kuma wannan katin shi ke riƙe da gida gaba ɗaya. In ɗanka na zazzaɓi, sai ka je ka dafe kai ka ce kai ne ba lafiya, a ba ka ƙwaya, ka kawo gida a raba. In ta ragu, maƙwabci ya samu. Babu wanda ya ɗauki wannan laifi ne, dabarar zaman duniya muke kiransa. Haka ma a wajen aiki, in man inji ya yi ƙaranci sai mu ɗiga wa wannan kaɗan, mu ɗiga wa wancan kaɗan, duk su yi ta juyawa har a tashi. Da wannan kan na tsufa. Da aka rufe masaƙa na tafi kudu neman aiki, na yi shekara biyu, kuma a can ban riƙe kaina ba. Daga can na kawo ciwon nan gida. Ba mamanku ba ce, ni ne. Da na dawo na kafa rumfa kusa da tashar Keke mai ƙafa uku ina gyaran keken ɗinki, kuma ba a jima ba aka zaɓe ni cikin dattawan ikilisiya. Mutane na gaishe ni da Dattijo, ni kuma ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.

Mamanku ce ta fara kwanciya. Zazzaɓi ya ƙi tafiya, ta rame, aka yi mata gwaji. Ta dawo ta same ni ina wanke baƙin mai a hannu da kananzir, ta faɗa mini a tsaye, ba kuka, ba zagi. Ni kuma washegari na haye gada na shiga cikin gari, inda ba wanda ya san fuskata, na yi gwaji a wani ƙaramin ɗakin awo. Abin da na sani shi suka faɗa mini. Na yaga takardar kafin na hau motar dawowa, amma na gaya mata.

Ta ce, “To, Baban Talatu, ranar Talata sai mu tafi tare. Sun ce in kawo mijina.”

Na ce, “Ki fara zuwa tukuna, mu ga yadda abin yake.”

“Mu ga me? Jikin naka ne ba ka gani ba, ko nawa?”

Gaskiyar ita ce na san wurin. A asibitin da aka tura ta, ranar Talata ake ganin masu wannan ciwo, kuma bencunansu suna bayan famasi, ɗakin ba da magani, a wani lungu da kowa ya san ko na su wane ne. Mai gadin ƙofa kuwa Dogo ne, ɗan cocinmu, wanda ke zama a layi na uku duk Lahadi yana kallona ina raba Jibin Ubangiji. Na ƙudurta a raina cewa gara komai ya same ni da Dogo ya gan ni a kan bencin nan. Mamanku ta ja ɗankwali ta tafi ita kaɗai. Aka buɗe mata kati, aka fara ba ta magani, ƙwaya ɗaya kullum bayan abincin yamma. Mai ba da maganin wata 'yar Filato ce, Madam Lami, gajera, mai tabarau. Ita ke rubuta ranar dawowa a bayan kati, ita ke buga waya kwana biyu kafin ranar, kuma in ka zo sai ka kawo robar maganin ta juye abin da ya rage a faranti ta ƙirga a gabanka.

Cikin 'yan watanni mamanku ta dawo mutum. Kumatu suka ciko, ta koma suyar masa a bakin layi. Ni kuma na fara zubewa. Wandona ya fara neman bel, tari ya kama ni, sukudireba ma sai ta yi mini nauyi da la'asar. Ina kallonta tana warkewa, ina kallon robar nan a cikin kwanon samira inda take ɓoye ta. Wata rana bayan mun ci tuwo na buɗe na ɗauki ɗaya na haɗiye. Ta kalle ni.

Ta ce, “Dattijo guda da satar magani?”

Na ce, “Ciwo ɗaya ne, magani ɗaya ne. Kati ɗaya ai ya ishi gida.”

“Wannan ba na ciwon kai ba ne, Baban Talatu. Matar nan ta ce kowa da nasa.”

“Haka za ta ce mana, aikinta ne. Mu ma a kamfani haka aka rubuta a bango.”

Ta yi dariya, ba don abin ya ba ta dariya ba. Ni kuma na ɗauki dariyar a matsayin yarda.

Da farko kullum muke sha mu biyu, sai maganin wata biyu ya ƙare a wata ɗaya. Na tura ta ta ce ta manta jakarta a cikin Keke. Madam Lami ta ba ta wani, amma ta rubuta a fayil, ta kuma ce irin wannan ba ya faruwa sau biyu. Sai na zauna na yi lissafi irin na bakanike. In ta sha yau, ni na sha gobe, maganin zai kai ranar da aka rubuta cif, kuma in an juye a faranti ƙirga za ta fito daidai. Haka muka yi. A kan kalandar coci da ke bangon ɗaki nake ɗiga alama da fensir, ɗigo ɗaya nata, biyu nawa. Har alfahari na yi da wannan tsari a cikin zuciyata. Tarina ya lafa, ƙarfina ya ɗan dawo, na ce ashe na fi su dabara. Mamanku ba ta taɓa saɓa ranar karɓa ba. Madam Lami har misali take yi da ita a gaban sauran masu layi, tana cewa su dubi Mama Rifkatu, ba ta makara, ƙirgarta ba ta kuskure. Mamanku takan dawo ranar nan ba ta son magana da kowa.

Wata bakwai muka yi a haka, sai aka ɗebi jininta don a ga ko ƙwayar cutar ta kwanta. Sakamako ya fito ba kyau, cutar ta tashi. Madam Lami ta rasa gane kan abin. Magani na ƙarewa daidai, amma jini na cewa ba a sha. Abu ɗaya ya rage mata ta zata, wato mamanku na zubarwa. Ta ce a zo da wani daga gida wanda za a yi magana a gabansa. Ni na ce ina da keken wani tela da ke jira, sai ke Talatu kika bar makarantar da kike koyarwa a Trikania kika raka ta.

Na tuna dawowarku. Ina zaune a tsakar gida ina goge wani kan keken ɗinki. Kin shigo gaba, tana biye da ke, ba ki ko ajiye jaka ba kika juya kanta.

Kika ce, “Mama, so kike ki mutu ki bar mu? Magani ana ba ki, kina zubawa a masai? Ke yarinya ce?”

Ta ce, “Ban zubar ba.”

“To ina yake zuwa? Aljanu ke sha? Na ji kunya yau, Mama. Ki dubi Baba yadda ya rame saboda tunaninki. Ko shi ba ki tausaya masa?”

Mamanku ta ɗago ta dube ni. Ba ta roƙe ni da ido ba, dubana kawai ta yi, ta ba ni lokaci. Ni kuma na ci gaba da goge ƙarfen da ya riga ya goge, na ce:

“Talatu, ki bi ta a hankali. Mantuwa ce ta girma.”

Wannan ita ce magana mafi muni da na taɓa yi a rayuwata, kuma cikin murya mai taushi na yi ta.

Aka ba ta wata uku ta gyara kafin a sake gwaji. Madam Lami ta bugo mini waya da kanta, ta ce tunda ni ne maigida kuma dattijo, tana roƙona in tsaya a kan Mama kullum har in ga ta haɗiye. Na ce mata in Allah ya yarda ba za a samu matsala ba. Ba zan ce ban yi ƙoƙari ba ko kaɗan. Na daina taɓa robar har kwana tara. A rana ta goma tari ya dawo mini, na tashi da zufa, tsoro ya kama ni. Da yamma mamanku ta ɗauko ƙwayar, ta dube ta, ta dube ni, sai ta sa mini a tafin hannu ta naɗe yatsuna a kai.

Ta ce, “Sha. In ka faɗi, wa zai riƙe yaran?”

Kada ku ce ita ta ba ni. Mace ce da ta ga mijinta na tari. Ni ne na san komai, na kuma kai hannu baki. Daga ranar muka koma yau ita, gobe ni, har ma akwai ranakun nata da ta ce wai ta riga ta sha ina waje, ta miƙo mini washegari, alhali ba ta sha ba. Wannan sai daga baya na sani.

Kafin wata ukun su cika ta kwanta. Wasu ƙuraje masu zafi suka fito mata a gefen haƙarƙari, sannan tari mai nauyi. Aka ce tarin fuka ne, aka ba ta gado. Gwajin jini na biyu ya fi na farko lalacewa. Ranar karɓar maganinta ta zo tana kwance, dole ni na ɗauki katin. Ta ƙofar baya na shiga, wajen masu kawo abinci, don kada in haɗu da Dogo. Na tsaya a tagar famasi ina waige-waige. Madam Lami ta karɓi robar ta juye, ta ƙirga, ta yi tsaki a hankali.

Ta ce, “Daidai kuma. Baba, da idonku kuke ganin tana haɗiyewa?”

Na ce, “Da idona.”

“Ba ta kukan yana damunta? Wasu saboda jiri suke gudunsa.”

Na ce, “Jirin ai na makon farko ne. Sai dai in an ci abu mai maiƙo, nan ne yake juya kai, ga mafarkai barkatai. In aka bari tuwo ya ɗan faɗa kafin a sha, shi ke nan.”

Ta ajiye cokalin ƙirgar. Ta cire tabarau ta dube ni, daga wuyan rigata da ya yi mini yawa har zuwa hannuna. Sai ta rufe tagar, ta zagayo ta buɗe ƙofar gefe ta ce in shigo. Ɗan ɗaki ne cike da kwalaye. Ta ba ni kujerarta, ita ta tsaya.

Ta ce, “Baba, ku sa'an mahaifina ne, ba zan ce kun yi ƙarya ba. Zan dai gaya muku yadda maganin nan yake. In ana sha kullum, yana danne cutar ta kasa motsi. In ana sha yau a bar gobe, ba ya kashe ta, koya mata yake yi. Ranar da babu shi sai ta miƙe ta gane hanyarsa. In ta gama ganewa, ko buhu aka sha ba ya aiki. Na Mama ya riga ya daina aiki. Akwai wani da za mu koma, ya fi wannan wuya, kuma bayan shi abin da ya rage ba yawa. In shi ma aka raba shi biyu, ban san abin da zan ba ta ba.”

Ina jin hayaniyar masu layi a waje.

Ta ce, “Wata da watanni ina yi wa baiwar Allah nan faɗa a gaban 'yarta. Ba ta taɓa buɗe baki ba. Ni ba zan rubuta abin da ba ku faɗa da bakinku ba. Amma kati ba ya ƙarewa a nan, Baba. Akwai na kowa.”

Ko a nan ban faɗi gaskiya ba. Na yi godiya na fita. Na wuce ɗakin da mamanku ke kwance, na same ta an jingina ta da filo, Jummai ta je ɗebo ruwa. Na zauna a bakin gado na gaya mata abin da aka ce.

Ta ce, “Ni ba mutuwa nake tsoro ba, Baban Talatu. In tafi yarana na cewa ni na kashe kaina da sakaci, shi ne ba na so. Kai dai kana da Dogo ɗaya da kake gudu. Ni uku na haifa.”

Ranar Talata da ta biyo na sa rigar da nake zuwa coci, na bi ta babbar ƙofa. Dogo na zaune a kan bencinsa da rediyo, ya miƙe.

Ya ce, “Dattijo, sannu da zuwa. Ya jikin Mama? Wajenta za ku?”

Na ce, “A'a. Yau kaina na kawo. Bencin bayan famasi za ni.”

Ya ce, “To ku hanzarta, Dattijo, layin kati ya fara tsawo. In kun samu gefen bishiya ya fi, rana ba ta kai wa can.”

Shi ke nan abin da ya faɗa. Wannan ne abin da na kusa kashe mamanku a kansa. Ba zan ce magana ba ta fita ba, ta fita. Wani tela ɗaya ya daina kawo mini keke, wasu mata biyu suka canja wurin zama a coci. Na je na sami Fasto na ce a sauke ni daga dattijo, ya ce in je in yi tunani, na ce na riga na yi. Bayan wata biyu ba wanda ya ƙara kula da zancen.

Madam Lami ta buɗe mini fayil ba tare da ta tuna mini komai ba. Ta daidaita ranar karɓarmu ta zama ɗaya, don mu riƙa zuwa tare. Kowa da ledarsa, ta rubuta suna da babban baƙi, ta ce in ta ji an yi musanya ko sau ɗaya, da kanta za ta zo Kakuri. Ni ma daga baya aka gane maganin farkon ba ya kama ni sosai, aka canja mini. Amma mamanku ce ta biya kuɗin dabarata da jikinta. Wata shida tana shan maganin tarin fuka a kan sabon maganin, manyan ƙwayoyi safe da yamma, ciki na murɗa mata, abinci ba ya zama. Tarin ya warke amma ya tafi da rabin numfashinta. Hayaƙin murhu ya gagare ta, ta bar suyar masa. A zumuntar mata ita ce mai ɗaga waƙa, kun sani. Tun daga shekarar nan sai dai ta zauna ta buga tulu, wata ta ɗaga. Ku kun ɗauka ciwo ne ya yi haka. Ni na yi.

Bayan an gama maganin tarin, aka sake ɗibar jininta. Ranar da za a faɗa mana sakamako mun zauna tare a gefen bishiya. Da aka kira sunanta na bi ta har taga. Madam Lami ta buɗe fayil, ta duba, ta rufe, ta ɗora hannu a kai.

Ta ce, “Mama Rifkatu, cutar ta kwanta. Injin ma bai gan ta ba. Kuma ki yafe mini faɗan da na yi miki.”

Mamanku ta ce, “Ke aikinki kika yi, 'yata. Ba ni ledata in tafi, yunwa nake ji.”

Da muka fito bakin titi muna jiran Keke, ta gyara ledarta a hammata, ba ta dube ni ba ta ce:

“Saura yaran. Kai za ka faɗa musu, ko ni?”

Na ce, “Ni zan faɗa.”

Na gaya muku ina da ciwon, na gaya muku na fara shan magani, kuka yi kuka, kuka ce Baba ya yi jarumta. Sauran na riƙe. Na ce sai Habila ya gama makaranta. Ya gama, na ce sai an yi bikin Jummai. Aka yi. Shekara tara ke nan. A duk tsawon nan, Talatu, kullum da yamma kina bugo waya ki ce, “Mama, kin sha? Kin tabbata?” Ita kuma ta ce ta sha, ta tabbata, ta gode. Ni ba ki taɓa tambayata ba.

Ba ta sake tayar mini da maganar ba sai makon jiya. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa, wayarki ta shigo, ta amsa kamar kullum, ta ajiye. Ta ci gaba da tsincewa na ɗan lokaci, sannan ta ce:

“Baban Talatu, mun tsufa fa. Ko dai ni zan faɗa?”

Na tashi na sa takalmi, na je shagon bakin layi na sayo wannan littafin rubutu da biro biyu. Ga shi na faɗa.